'Yarka Ta Ce Faransanci Za Ta Karanta A Jami'a: Me Ke Cikin Wannan Karatu?

Kowace shekara, idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, akan sami gidajen da hankali ke tashi. Yarinya ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ni Faransanci nake so in karanta," shi kuwa tun tana aji uku na sakandare ya gama lissafinsa, ko likita ko lauya. Sai ka ji ya ce, "Kuɗin masarar da na sayar na tara, a kan koyon yare za su ƙare?" Mun sha zama tsakanin iyaye da 'ya'ya a kan wannan magana, mun kuma lura cewa sau da yawa ana gardama ne a kan abin da uban bai sani ba, yarinyar ma ba ta sani ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki filinmu na yau mu baje abin a faifai, domin duk gidan da zai yanke shawara ya yanke ta da sani.

Abu na farko, Faransanci yana da dangi. A jami'o'in Turai da Amurka akwai fanni guda na nazarin harsunan zuriyar Latin da adabinsu, Faransanci kuwa ɗaya ne cikin 'ya'yan gidan. Masu Turanci suna kiran waɗannan harsuna da kalmar Romance, abin da kan sa wasu iyaye zargin ko karatun soyayya ne. Asalin kalmar daga sunan birnin Roma yake, ma'anarta kuwa yin magana irin ta Romawa. Daga baya, da yake a harshen talakawa aka riƙa rubuta labaran jarumai da na masoya, Latin kuma aka bar wa malamai, sai sunan harshen ya koma kan labaran. Har wa yau littafin ƙagaggen labari sunansa roman a Faransanci.

Uwa ɗaya, 'ya'ya da yawa

Latin shi ne harshen mutanen Roma, a ƙasar Italiya ta yau. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san shi, gama Yohanna ya shaida mana cewa yana cikin harsuna uku na rubutun da aka kafa bisa gicciye. Duk inda daular Roma ta sa ƙafa, sojoji da fatake da masu karɓar haraji sun kai harshen. Sun kai shi ƙasar Gal, watau Faransa ta yau, da Asbaniya inda Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa, wadda yanzu muke kira Sifen, har da Dasiya, watau Romaniya, wadda Sarki Tarajan ya ci da yaƙi a shekara ta 106.

Amma Latin na littafi daban yake da Latin na kasuwa da bariki. Sa'ad da daular ta yamma ta rushe a shekara ta 476, zirga-zirga ta ragu, kowane yanki ya ci gaba da furta harshen yadda bakinsa ya saba. Mai karatu ya dubi Sakkwatanci da Kananci da Hausar zangon Kumasi. Yau duk muna jin juna, amma da za a raba mu shekara dubu ba rediyo ba mota, da jikokinmu sai sun nemi tafinta. Haka ya faru da 'ya'yan Latin. Manya cikinsu biyar ne: Sifaniyanci, da harshen Fotugal, da Faransanci, da Italiyanci, da Romaniyanci. Akwai kuma ƙanne, irin su Katalanci da ake yi a yankin Barselona.

Kamannin gida ba ya ɓuya. Ruwa a Latin aqua ne. A Italiya acqua, a Sifen agua, a Fotugal água, a Romaniya apă, a Faransa kuwa ya zaizaye har ya zama eau, baƙaƙe uku da ake furtawa "o" kawai. Dare ya zama notte, noche, noite, noapte da nuit. Kalmar doki ta littafi equus ce, amma talakawa caballus suke cewa, ita ce ta rayu ta zama cheval a Faransa da caballo a Sifen. Kalmar testa kuwa asalinta katangar tukunya ce, da ita aka riƙa kiran kai, har ta zama tête, watau kai a Faransanci. Mu da muke cewa ƙoƙon kai ba mu da bakin yi musu dariya.

Yawan masu waɗannan harsuna ba kaɗan ba ne. Waɗanda aka haifa da Sifaniyanci sun kusa miliyan 500, mafi yawansu a nahiyar Amurka, ƙasar Meziko ce kan gaba. Barazil kaɗai tana da mutane sama da miliyan 200, harshen Fotugal suke yi. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙiyasta a 2022 cewa masu jin harshen sun kai miliyan 321, kuma cikin masu amfani da shi kullum, 'yan Afirka sun fi rabi.

Ranar da jama'a suka daina gane wa'azi

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi ikilisiya kai tsaye. A shekara ta 382 Paparoma Damasus ya ɗora wa malami Jerom aikin gyara fassarar Linjila ta Latin. Jerom ya ci gaba har ya fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci yana zaune a Baitalami, inda ya rasu a 420. Ya yi aikin ne cikin Latin da jama'ar zamaninsa ke ganewa, daga baya aka sa wa fassarar suna Vulgata, watau wadda kowa ke amfani da ita.

Bayan shekara kusan 400, harshen baki ya yi nisa da na littafi, har manomi ya zauna a sujada daga farko zuwa ƙarshe bai tsinci abin kirki ba. A shekara ta 813 taron bishof-bishof a birnin Tur na Faransa ya umarta a riƙa juya wa'azi zuwa harshen Romawa na ƙauye, ko na Jamusawa, domin kowa ya fahimta. Masana suna ɗaukar wannan umarni a matsayin shaida cewa mutanen lokacin sun gane harshensu ya rabu da Latin. A 842 kuma jikokin Sarki Shalaman biyu suka yi rantsuwar ƙawance a Sitarasbur gaban sojojinsu, aka rubuta rantsuwar cikin harshen da sojojin ke ji. Ita ake lissafawa rubutu mafi tsufa na kakan Faransanci.

Daga nan harsunan suka yi ta samun gindin zama. A 1492 Antoniyo da Nebrija ya buga nahawun Sifaniyanci. A 1539 Sarki Faransuwa na ɗaya ya ba da doka a riƙa rubuta takardun shari'a da Faransanci maimakon Latin. A 1635 aka kafa majalisar kula da harshen Faransanci, wadda har yau tana nan da kujeru 40. Nazarin dangin gaba ɗaya a jami'a kuwa wani Bajamushe ne, Firidirik Diz na Jami'ar Bon, ya aza tubalinsa da littafin nahawun da ya fara bugawa a 1836.

Me ake yi a shekaru huɗun nan?

A Turai da Amurka, ɗalibin wannan fanni yakan ɗauki harsuna biyu, wani lokaci uku, ɗaya babba sauran ƙanana. A Nijeriya Faransanci ne ya fi ƙarfi, ana kuma yin digirinsa a jami'o'i da dama, ciki har da Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Jos, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Mai son harshen Fotugal sai ya duba Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife.

Karatun yana da rassa. Akwai nahawu da rubutu. Akwai ilmin furuci. Akwai fassara daga Turanci zuwa Faransanci da kuma komowa. Akwai adabi, da tarihi da al'adun ƙasashen da ke amfani da harshen. A shekara ta ƙarshe ɗalibi zai rubuta kundin bincike da Faransanci, daga bango zuwa bango.

Mai jin Hausa yana shiga da wata riba. Baturen Ingila yakan sha wuya kafin ya yarda cewa tebur da kujera suna da jinsi, mu kuwa mun tashi da sanin cewa gida namiji ne, ƙofa mace. Sai dai jinsin ba koyaushe yake dacewa da namu ba. A wurinmu rana mace ce, wata namiji, a Faransanci kuwa an juya. Haka nan yadda muke ce wa babba "ku" don girmamawa, su ma suna da tu na tsara da vous na manya. Inda gizo ke saƙa shi ne furuci. Bakinmu ba ya raba "p" da "f" sosai, alhali pain burodi ne, faim kuwa yunwa. Ga wasulan da ake fitarwa ta hanci, ga baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa, ga kalmar aikatau ɗaya da kan ɗauki siffofi masu yawa, duk sai an haddace.

Shekara ta uku ita ce zuciyar karatun. A da akan tura ɗalibai Faransa ko wata ƙasar Afirka mai Faransanci su zauna cikin masu harshen. Da kuɗin ya gagara, gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas a 1991, irin Ƙauyen Larabci da aka kafa a Ngala ta Jihar Borno. Can ɗalibai daga jami'o'i daban-daban ke taruwa, a aji da wajen aji Faransanci ake so su yi. Iyaye su sa wannan tafiya cikin lissafi tun daga shekarar farko, gama tana da kuɗinta daban, kada ta zo musu ba shiri.

Littattafan da za ta karanta

Wasu sukan ce, to, harshen mun ji, adabin fa me zai ƙara mata? Amsa ita ce cikin adabi harshe yake nuna iyakar ƙarfinsa, a nan kuma ake sanin yadda masu shi suke tunani. Italiyanci na yau ya ginu ƙwarai kan harshen mawaƙi Dante, wanda ya rasu a 1321. Fotugal tana alfahari da Kamoyis da doguwar waƙarsa ta 1572 kan tafiyar jiragen ruwa zuwa Indiya. Sifen tana da Don Quixote na Sarbantes, wanda kashi na farko ya fito a 1605, labarin dattijon da karatun labaran jarumai ya juya wa kai har ya far wa injin niƙa yana zaton dodo ne. Faransa tana da tatsuniyoyin dabbobi na La Fontaine na 1668, waɗanda duk wanda ya ji labarin gizo da ƙoƙi zai gane gidansu, da wasannin Moliya masu tona asirin munafukai da marowata, da Les Misérables na Bikto Hugo na 1862, labarin mutumin da aka ɗaure saboda satar burodi, alherin wani bishof kuma ya sake masa rayuwa.

Amma babban rabo na karatun a jami'o'inmu na marubutan Afirka ne. Akwai L'Enfant noir na Kamara Laye ɗan Gini, 1953. Akwai Une vie de boy na Fadinan Oyono ɗan Kamaru, 1956, kan yaron gidan Bature. Akwai Une si longue lettre na Mariyama Ba 'yar Senegal, 1979, wasiƙar matar da mijinta ya rasu bayan ya yi mata kishiya ya juya mata baya. Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu, Sarraounia na Abdullahi Mamani ɗan Nijar, 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899. Labarin ƙasar Hausa ne, amma da Faransanci aka rubuta shi. Leyopol Senghor, shugaban Senegal na farko, shi ne ɗan Afirka na farko da aka zaɓa cikin majalisar nan mai kujeru 40, a 1983. A 2021 kuma wani ɗan Senegal, Muhammad Mbugar Sar, ya ci Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa.

Dubi maƙwabtanmu

Mai tambayar amfanin wannan karatu ya buɗe taswira. Binin a yamma, Nijar a arewa, Chadi a arewa maso gabas, Kamaru a gabas, duka huɗun da Faransanci ake aiki a ofisoshinsu. A teku kuma, kudu da mu, ga Ikwatoriyal Gini mai Sifaniyanci, ga Sawo Tome mai harshen Fotugal. Sunan Legas kansa daga Fotugisawa ya fito, haka kalmomin sabi da pikin na Turancin kasuwa. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500. Wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya ji 'yan'uwanmu na can suna cewa lakwal, mushe, jandarma da duwan, watau makaranta, malami, ɗan sandan soja da kwastan. Duk Faransanci ne da ya sa rigar Hausa.

A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba da sanarwar ɗaukar Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma sa shi cikin manufar ilmi ta ƙasa. Maganar ba ta yi nisa ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ƙarancin malamai.

Wasu iyaye sun ce mana, ai yanzu Nijar ma ta kori Faransa, me za a yi da harshenta? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sun kuma ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci a watan Maris na shekarar. A wannan watan ne Nijar ta kafa sabuwar dokar ƙasa wadda ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuwa harsunan aiki. Mai karatu ya sake duba waɗannan ukun. Yarinyar da ta tashi da Hausa a gida, ta yi Turanci a makaranta, ta ƙara Faransanci a jami'a, ta haɗa su duka a baki ɗaya. Dokoki da takardun kotu da littattafan makaranta na shekaru fiye da 60 ba sa juyewa dare ɗaya, kuma ko juya su za a yi, masu jin harsunan ne za su yi aikin.

Ina aikin yake?

A nan tilas mu faɗi gaskiya tsirararta. Digirin Faransanci ba ya zuwa da kujerar ofis a manne da shi. Ƙofar da ta fi faɗi ita ce koyarwa, daga firamare zuwa kwalejin horon malamai, albashin malami kuwa kowa ya san shi. Ƙananan ayyukan fassara kuma wayar hannu ta cinye da yawa daga cikinsu.

Duk da haka akwai ƙofofi. ECOWAS, mai hedkwata a Abuja, da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal take aiki. Faransanci da Sifaniyanci suna cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bankin Raya Afirka da ke Abijan da Turanci da Faransanci yake aiki, haka Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 mai hedkwata a Njamena. Ga ma'aikatar harkokin waje, ga kwastan da shige da fice, ga ƙungiyoyin agaji a yankin Tafkin Chadi, ga bankunanmu masu rassa a ƙasashen maƙwabta. Gidan Rediyon Faransa ma ya buɗe sashen Hausa a 2007. A asibiti ko kotu ko teburin sulhu, inda kalma ɗaya ke iya jawo asara, har yanzu mutum ake nema, mai jin harshe mai kuma riƙon amana. Amma waɗannan wurare gwanaye suke ɗauka. Wanda ya fito da takarda amma ba ya iya hira ta minti goma da mutumin Maraɗi ko Garwa, ya yi asarar shekara huɗu.

Shawararmu

Ga iyaye, kafin ku ce i ko a'a, ku yi tambayoyi uku. Na ɗaya, yarinyar ta zaɓi wannan karatu ne don tana son shi, ko don gudun lissafi, ko don an ce samun gurbi ya fi sauƙi? Na biyu, tana son karatun littafi ba tare da an tsaya a kanta ba? Na uku, tana da ƙarfin halin yin magana gaban mutane ko da za ta yi kuskure a yi mata dariya? Mai jin kunyar kuskure ba ya koyon harshe. Ku je wurin malamin Faransancinta ku ji ta bakinsa, ku kuma duba littafin JAMB na shekarar, domin sharuɗɗan shiga sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Ga 'ya'yanmu, idan an yardar muku, kada ku tsaya kan allon aji. Ku saurari rediyon Faransanci kowace rana, ku nemi 'yan Nijar da Kamaru da Chadi da ke cikin garinku ku yi ta hira da su. Ku rubuta jarrabawar DELF ko DALF da ake yi a cibiyoyin Alliance Française, gama takardunta an san su a ko'ina cikin duniya, masu ɗaukar aiki kuma sukan nemi matakin B2 zuwa sama. Ku ɗauki harshe na biyu daga cikin dangin, domin wanda ya riƙe Faransanci sosai, Sifaniyanci ko harshen Fotugal ba zai ba shi wuya kamar na farko ba. Ku kuma haɗa harshen da wata sana'a, ko aikin jarida, ko lissafin kuɗi, ko kwamfuta, ko shari'a. Kada kuma ku sake ku yar da Hausa da harshen gidanku, ku koyi rubuta su daidai, domin su ne jarin da abokin karatunku na Faris ba shi da shi.

Ba kowane yaro ne aka yi domin wannan hanya ba, kamar yadda ba kowa ne zai zama likita ba. Amma idan baiwar tana nan, kada mu binne ta saboda sunan kwas ɗin bai yi mana daɗi a kunne ba. A zauna a gida, a ji ta bakin yarinya, a yi lissafin kuɗi da na shekaru, sa'an nan a yanke shawara tare. Allah ya ba 'ya'yanmu basira, ya ba iyaye haƙuri da abin ɗaukar nauyi. Amin.